Na'urar da Ba Ta Jure Ɗakin Kwano

Ni Naja'atu ban taɓa zaton zan zauna a shagon waya a Batsari, da hijabina da girmana, ina buga wasan ƙwallo a na'ura mutane suna wucewa suna kallona ba. Amma na zauna, kuma ko yau aka ce in sake zan sake.

Ƙanina Kamalu ne sanadi. Babur ya kayar da shi a hanyar Safana bayan girbi, ƙafar hagu ta ƙi gyaruwa, aka yanke ta ƙasan gwiwa. Ciwon ya warke sumul, shi ne dai bai warke ba. Tun da aka mai da shi gidanmu a Babban Duhu ya shige ɗakinsa mai rufin kwano ya juya wa ƙofa baya. Ko bayan gida sai ya tabbata ba kowa a tsakar gida yake rarrafawa. Sandunan dogarawa da aka ba shi suna nan jingine, har gizo-gizo ya yi musu saƙa. Likita kuwa ya faɗa min ƙiri-ƙiri: in bai tashi ya fara takawa ba, gwiwar za ta ƙage a lanƙwashe, ko an samo ƙafar roba ba za ta zauna ba.

Inna ta yi lallashi, ta yi kuka. Ni na yi faɗa har muryata ta dishe. Amsarsa ɗaya ce: "To, Adda." Yaron da a da in kin faɗa masa ɗaya sai ya mayar miki da goma! Wallahi wannan "to" ɗin ta fi zagi ciwo a wurina.

Abu ɗaya na san ya taɓa haukata shi a duniya: wani tsohon wasan ƙwallo da suke bugawa a gidan gem ɗin abokinsa Armaya'u, can Safana. Kamalu har ƙungiya ya gina a ciki, ya sa wa 'yan wasan sunayen samarin ƙauyenmu, ya sa kansa lamba tara don rashin kunya. Gidan gem ɗin ya daɗe da rufewa, Armaya'u ya dawo Batsari yana sayar da wayoyi. Ni kuma a nan nake koyar da kwamfuta a makarantar 'yan mata, don haka ran wata Asabar na nufi shagonsa.

Bayan mun gaisa, ya tambayi Inna, ya tambayi mai jiki, na ce masa, "Armaya'u, ƙungiyar Kamalu tana nan?"

Ya yi dariya. "Adda, ai na kwashe ta daga tsohon memori tun kafin in sayar da kayan. Tana cikin kwamfutata. Amma ina za ki kai? Gidanku ba wuta, ba talabijin."

"Shi ya sa na zo. Na'urar gem irin ta hannu nake so, wadda ƙaramar solar Inna za ta iya yi wa caji."

Ya buɗe durowa ya fito da guda biyu. Ɗaya baƙa ce mai kauri, tana da 'yar fanka a baya. Ɗaya fara ce, siririya, ba fanka. Ya fara karanto min abin da aka rubuta a jikin kwali, na ɗaga masa hannu.

Bari in yi wa wanda bai sani ba bayani. Wannan wasa ba don 'yar na'urar hannu aka yi shi ba, don waccan babbar ta gidan gem aka yi shi. To sai an sa mata wata manhaja da za ta sa ta riƙa kwaikwayon babbar. Aiki biyu ke nan a kan ƙwaƙwalwarta lokaci guda: ta zama wata na'urar, kuma ta tafiyar da wasan. In ƙarfinta bai kai ba, ba mutuwa take yi ba, jan ƙafa take yi. 'Yan wasa su riƙa gudu kamar a cikin taɓo, muryar mai sharhi ta yi kauri irin ta kaset ɗin da batir ya raunana masa. Akwai lamba a kusurwar fuskar da ke nuna saurin. In tana ɗari, lafiya. In ta fara sauka, akwai magana.

Armaya'u ya zuba wasan da ƙungiyar Kamalu a duka biyun, ya kunna. Lamba ta tsaya ɗari cak a kowace. Ya ce, "Kin gani? Duk suna ɗauka."

Na ce, "Da hantsi, a gaban fankar shagonka, da filin wasa babu 'yan kallo? Haba Armaya'u, kamar ba ɗan masu shanu ba."

Marigayi Baffanmu bai taɓa sayen san huɗa da safe ba. Sai rana ta take, ya ce a ɗaura masa garma a kai shi inda ƙasa ta yi tauri, shi kuma ya tsaya yana kallon yadda yake numfashi. Dillalai sun tsane shi saboda wannan hali, ni kuwa kaf na gado shi.

Na sa Armaya'u ya zaɓo min filin da ya fi cika da 'yan kallo, ya sa ruwan sama, ya sa fitilu. Na ce bugun kwana, wato na kusurwa, nake so a yi ta yi, don a nan ne kowa da kowa ke cunkushewa a gaban raga, na'ura ta ji a jikinta. Baƙar ko gezau. Farar ta ɗan yi rawa, ta sauka kaɗan, ta koma ɗari. Ba laifi.

Sannan na ce, "Ina ɗakin ajiyarka?"

"Adda, can ba ya shiguwa yanzu. Kwano ne, ba taga."

"Shi nake nema."

Na jira aka yi azahar, na yi salla, na shiga da su biyun na ja ƙofa. Bazara ce, ka san yadda take. Kafin a je hutun rabin lokaci hijabina ya jiƙe sharkaf. Baƙar sai fankarta ta kama huci, bayanta ya yi ɗumi, amma lamba ba ta motsa ba. Farar kuwa, da ta ɗau zafi sai ta fara rage wa kanta gudu don kada ta ƙone. Lamba ta gangaro, ta yi ta gangarowa. Aka bugo kwana, ƙwallo ta tsaya a sama kamar ba za ta sauko ba, mai sharhi yana gurnani. Wannan in aka ba Kamalu a ɗakinsa, sai ya yi jifa da ita.

Na fito ina tsiyayar gumi. Armaya'u ya ce, "To magana ta ƙare, baƙar za ki ɗauka."

Na ce masa ban gama ba. Akwai wani bedi, wato bishiyar darbejiya, a gaban shagon, na ja benci na zauna a inuwarsa da farar a hannu. Iska tana ɗan kaɗawa. Ba a jima ba bayanta ya huce, lamba ta hau, ta koma ɗari ta zauna. Na buga wasa guda cur, da ruwan saman da kwanar da komai, ba ta ja ƙafa ba. Na koma ɗakin ajiya, ta sake gurguncewa. Na dawo gindin bedi, ta miƙe. Masu shagunan gefe har sun fara nuna ni da baki, ko a jikina.

A nan zaune abin ya faɗo min. A ƙofar gidanmu ma akwai bedi, wanda ya fi wannan girma da inuwa.

Na ce, "Farar zan ɗauka."

Armaya'u ya saki baki. "Adda, in don tsada ne, wallahi ki ɗauki baƙar. Kamalu ne fa. Ba zan karɓi riba a kansa ba."

"Allah ya saka da alheri. Ba tsada ba ce."

"To ke da kanki kika ga yadda ta yi a ɗakin kwano! Shi kuma a ɗakin kwano yake kwance."

"Na gani. In na kai masa baƙar, na gina masa kabari ke nan da hannuna. Zai samu abin yi a kwance, ba zai ƙara neman ƙofa ba."

Ya dube ni ya ce, "Kai, Adda, ba ki da dama." Ya sa min ita a kwali.

Washegari na yi mata caji ta cika, na hau mota zuwa Safana, daga nan na hau babur. Na isa gida rana tana tsakiyar ka. Na gaida Inna, na sha ruwa, na shiga ɗakin Kamalu da sallama. Zafin ciki ya buge ni a fuska. Ya rame, gashi ya cika masa kai. Na kunna na'urar na ajiye masa a kan tabarma.

Kiɗan farkon wasan ne ya juyo da shi. Ya ɗauka, ya ga sunayen, ya ga lamba tara. Ya jingina da bango ya fara bugawa, ni kuma na tsaya a bakin ƙofa ina kallo.

Da farko lafiya lau. Har ya ci ɗaya, na ga gefen bakinsa ya motsa. Sai zafi ya fara aikinsa. Gudu ya ragu, murya ta yi kauri. Ya samu kwana, ya bugo, ƙwallo ta maƙale a sama, kafin ya danna an kwashe.

"Adda! Wane mugu ne ya sayar miki da wannan? Wannan ai ba ta ɗaukar wasan! Dubi fa, dubi yadda take ja kamar jakin da ya sha kaya! Ke da kike koyar da kwamfuta aka yi wa wannan cutar?"

Alhamdu lillahi! Rabona da in ji magana mai tsawon wannan daga bakinsa tun kafin haɗarin. Na danne murnata na ɗaure fuska.

"Lafiyarta ƙalau. Zafi ne ba ta so. A gindin bedi gudu take kamar me."

Ya gane nan take, don Kamalu ba wawa ba ne. Ya kalle ni, ya kalli sandunan, ya tura min na'urar da bayan hannu. "Ɗauki abinki." Ya koma ya kwanta, ya ba ni baya.

Raina ya ɓaci, amma ban zo daga Batsari don in koma da kwali ba. Na ɗauka na fita ƙofar gida, na shimfiɗa tabarma a gindin bedi, daidai saitin 'yar tagarsa. Na bari ta huce, na ƙure mata murya, na zaɓi ƙungiyarsa na fara bugawa.

Ni fa gwada na'ura na iya, ƙwallo ban iya ba. Mai sharhi ya dawo da muryarsa tangaran, yana ihu, 'yan kallo suna sowa. Aka zura min ɗaya. Na ɗaga murya na ce, "Af, an ci mu!" Aka ƙara. Na ce, "Inna, wannan lamba taran ba ya komai, bari in cire shi in sa wani."

Daga taga na ji, "Kar ki taɓa min lamba tara!"

Na yi kamar ban ji ba. Aka ƙara na uku.

"Ki daina fito da gola! Wa ya ce ki fito da gola? Adda, ki ba da ta gefe!"

"Ban jin ka, iska ta yi yawa a nan."

Na ci gaba da bugawa, har na fara cewa a raina na yi asara. Sai na ji ƙarar ƙarfe ya bugi bango. Na ji wani abu ya faɗi, na ji nishi. Inna ta taso daga cikin zaure inda take tankaɗe za ta ruga ciki, na miƙe na tare ta a bakin zaure na riƙe hannunta gam. Ta ce, "Naja'atu, sake ni, faɗuwa ya yi!" Na ce, "Inna, don girman Allah ki bar shi." Tana kuka ina kuka, amma ban sake ta ba.

Ƙwas. Shiru. Ƙwas.

Ya fito tsakar gida yana runtse ido saboda hasken rana, gwiwar hannunsa ta goge tana jini, sandunan suna karkarwa a hammatarsa. Bai kalli kowa ba. Ya ratsa tsakar gida, ya bi ta zaure ta gabanmu, yana tsayawa yana haki, har ya kai gindin bedi ya zube a kan tabarma. Wasu samari biyu da ke dawowa daga shayar da shanu suka tsaya cak da suka gan shi, ɗaya ya ce, "Kamalu? Kai ne?"

Ko ɗaga kai bai yi ba. Ya ɗauki na'urar ya duba ci nawa aka yi, ashe an ƙara ɗaya bayan na tashi, ya yi tsaki.

"Huɗu da nema! Adda, kin kashe min ƙungiya." Ya share gumi da kafaɗa, ya dubi samarin. "Ku kuma kun tsaya kuna kallona kamar kun ga fatalwa. Ku zauna mana, kuna tare min iska."