Zurfin Harsashi

Kare ɗaya ne, jan dingo, wato karen daji, mai yagaggen kunne, amma ɓarnar da ya yi wa tumakin Merv Tolhurst ta kusa kamo wadda fari ya yi musu. Duk ranar da Merv ya auna shi da bindiga, sai harsashi ya tada ƙura a gefe, karen ya tsallake shinge ya yi gaba.

"Idonka ne, tsoho," in ji matarsa Noreen, tana ajiye masa shayi a rumfar kwano. "Ka je a ba ka tabarau, ka ƙi."

"Idona ƙalau. Ke nake gani, ai ba ki ƙara kyau ba."

"Ka ji da shi."

Tun yana saurayi shi ke cika harsashinsa da kansa. Kwanso, albarushi, kan harsashi, duk bai canza komai ba, shi ya sa abin ya ishe shi. Ya ɗauki kwanso marar albarushi, ya ɗan sa masa kai sako-sako, ya gifta kan a harshen wutar kyandir har ya yi baƙi. Ya zura a bindiga, ya rufe sakata a hankali, ya zaro. Da can tsagar da ke cikin bututun bindigar takan bar shaida a jikin baƙin. Yanzu ko ƙwarzane babu. Ya ƙara fito da kan, ya sake gwadawa. Haka ya yi ta yi, gumi na ɗiga a kan benci, kafin shaidar ta fito.

Wuta ta cinye maƙogwaron bindigar, wato farkon bututun inda tsagar take somawa. Harsashi sai ya yi tsalle a sarari kafin ya kama hanya.

"To, ba idona ba ne," ya ce. Bai ji daɗin da ya zata zai ji ba.

Ya mayar da kan ciki kaɗan, kamar kaurin gashi, don kada ya taɓa tsagar. Ya cika wasu a haka, wasu ya ƙara musu zurfi, ya kafa kwali a bayan madatsar da ta ƙafe, ya yi ta harbinsa. Masu tsawon, waɗanda bai ƙara wa zurfi ba, su ne suka taru wuri guda a jikin kwalin. Sai dai tsawonsu ya fi ƙarfin gidan harsashin bindigar, dole ya riƙa sa ɗaya-ɗaya da hannu.

Da sassafe ya kwanta a bakin shinge, gwiwoyinsa na ciwo. Karen ya fito, ya tsaya yana shinshina iska. Harbi ɗaya.

Da ya je ya juya gawar da takalmi, sai ya ga karya ce, duk haƙarƙari a waje, nonuwanta cike da ruwa.

Noreen ta kira shi ta rediyon mota. "Na ji ƙara. Ka same shi?"

"Na same ta. Tana da 'ya'ya a wani wuri."

"Ka dawo ka karya kumallo tukuna."

"Sai na duba kwazazzabo, ƙila can suke."

Ya zauna a motar ya daɗe, hannunsa a kan makulli, kafin ya tada ta.