Tayin Baban Afnan

Tun cikin sanyin Janairu na kama ɗan gidan. Irene, abokiyar aikina a asibiti, ita ta ba ni labarin tsibirin Chincoteague, can bakin teku a ƙarshen Virginia. Ta ce duk ƙarshen Yuli ana biki a garin, a koro dawakin daji su faɗa ruwa, su yi iyo su tsallako, jama'a na ta tafi. Da farko na ɗauka tsokanata take yi. Da ta nuna min hotuna a waya, ban ma tsaya kan dawakin ba. Idona ya sauka ne kan wani ɗan gidan haya mai ɗaki biyu, da baranda mai kallon ruwa, an ajiye kujera biyu kacal a kanta.

Sai wanda ya san gidanmu zai gane abin da ya sa kujerun nan suka shiga raina. Muna zaune a wani dogon bene a Alexandria, ni da maigidana Misbahu da yaranmu biyu, Fahad da Afnan. A takarda mu huɗu ne. A zahiri kuwa tasha ce. Baban Afnan injiniya ne a Sterling, dab da filin jirgin Dulles, kuma duk Bahaushen da ya sauka a filin nan da lambarsa a aljihu yake sauka. Ɗalibi, mai neman magani, mai jiran jirgin gobe, wanda ya zo taro ya ga otal da tsada, duk namu ne. Ba na ƙin baƙo, an haife ni a gidan da ba a rufe zaure. Amma shekara goma sha biyar da aure, na wayi gari ban san ko ni da mutumin nan muna da sauran hira ba, ban da wa zai ɗauko wa, da kuma ko shinkafa za ta isa. Abin da nake so ke nan, yara su tafi kallon dawakinsu, ni kuma in zauna da mijina a barandar nan mu biyu, in ji ko akwai abin da ya rage.

Da na gaya masa ya yi murna ƙwarai. Sai na riƙe hannun rigarsa.

"Baban Afnan, abu ɗaya na roƙe ka. Kada ka yi wa kowa tayi."

"Haba Maman Afnan, sai ka ce yaro? Bakina alaikum."

Matsalar ita ce mijina ba ya iya kai loma baki, ko ya ambaci tafiya, bai ce bismillah ba. Haka aka tarbiyyantar da shi a Zariya, kuma a can ba laifi ba ne, domin kowa ya san amsar. Ka ce "ku zo mu je mana," a ce maka "a'a, a dai sauka lafiya," kowa ya kama gabansa da mutuncinsa. Abin da bai taɓa ganewa ba shi ne, a ƙasar nan mutanenmu a ƙulle suke, daga aiki sai gida sai kanti. Wanda ya shekara bai ga komai ba sai bangon ofis, in ka yi masa tayi, takalminsa zai fara nema.

Ya daure har watan Mayu. Wata Juma'a ya dawo daga masallaci yana ta yabon miyata tun bai ɗanɗana ba, na san an yi ɓarna.

"Wa ka gaya wa?"

"Ba gaya masa na yi ba. Abdoul Aziz ne ya tambaye ni ina za mu yi hutu. To ƙarya zan yi a ƙofar masallaci?"

"Sai ka ce masa me?"

"Na ce... su zo mu je mana. Ai kin san ba zai zo ba."

Abdoul Aziz mutumin Maraɗi ne, direba, yana da ƙatuwar motar da yake jigilar fasinjan filin jirgi. Kafin la'asar matarsa Rakia ta kira ni, muryarta har rawa take don daɗi. "Hurera, Allah shi saka da alheri! Tun da munka zo ƙasar ga ba mu taɓa tahiya ba. Yara sai tsalle sukai!" Yaransu huɗu. Na buɗe baki, na rufe, na ce ai ba komai, mu da ku duk ɗaya ne.

Bayan sati biyu muka je suna a Upper Marlboro. A can muka tarar da Hajiya Mairo, mahaifiyar uban jaririn, wadda ta zo daga Kano tun kafin haihuwa don taya surukarta jego. Wata da watanni tana zaune a falo, babu abin da take gani ta taga sai kurege. Baban Afnan ya durƙusa yana gaishe ta, ni kuma ina tsaye a bayansa ina taka masa gefen ƙafa.

"Misbahu, na ji an ce za ku je ganin doki yana wanka."

"E, Hajiya, haka ne." Na ƙara danna ƙafar. Gumi ya karyo masa, na ga maganar tana hawowa ta maƙogwaronsa kamar tari. "Ai... ai da kin zo mun je."

"To Allah ya kai mu," in ji Hajiya, ko numfashi ba ta ja ba.

Na ƙarshe shi ne Kambai, abokinsa tun jami'a, mutumin Zonkwa, gwauro mai son gashin nama. Shi ko tayin ma ba a gama yi masa ba. Baban Afnan ya ce "ai da ka..." Kambai ya ce zai zo da abin gashi.

Aka sa ranar zaman shiri, a falona, da abincina. Abdoul Aziz ya naɗa kansa madugu, ya yi ta bayanin doguwar gadar da za a haye da inda za a tsaya salla. Hajiya ta tambaya wane ne mai masaukinmu a garin. Da aka ce babu Bahaushe ko ɗaya a can, ta ce ƙarya ne, ba a dai bincika ba. Ta tambaya dawakin na wane ne, kuma wane laifi suka yi ake tura su ruwa. Kambai ya ce ya karanta cewa washegarin iyon ana gwanjon 'ya'yan dawakin, nan take Abdoul Aziz ya gyara zama ya fara tambayar ko ɗan doki zai shiga bayan motarsa in an cire kujerar ƙarshe. Rakia ta ce in ya sayo, shi da dokin su nemi wani gidan. Aka yanke cewa za a tafi da garin tuwo, kuka, daddawa, man shanu, buhun shinkafa, da babbar tukunyata ta suna, don Hajiya ta ce ba za ta ci ƙaguwa ba ko ana yanka ta.

Sai na kawo abin da nake ganin zai cece ni. Na ce mai gidan hayar ya rubuta ƙarara, mutum shida kawai gidan ke ɗauka.

Aka fara kallon juna, har na fara jin sanyi a raina. Sai Kambai ya ɗaga waya ya ce ya samo filin da ake kafa tanti, kusa da gidan.

"Tanti?" in ji Hajiya. "Na baro Kano na zo Amurka in kwana a tanti, sai ka ce alhazai a Mina?"

"A'a Hajiya, wane mu!" in ji mijina. "Ke da mata da ƙananan yara ku ɗauki gidan. Mu maza mu kwana a tanti."

Aka yi ta sa masa albarka. Ni kuwa na ga hutuna a fili: ina kwance tsakanin Hajiya Mairo da Rakia, da ƙafar wani yaro a wuyana, mijina yana can cikin sauro tare da Kambai, da safe kuma in tuƙa tuwon mutum goma sha wani abu a gidan da na kama don in huta.

Da suka watse na same shi a kicin yana wanke kofuna, abin da ba ya yi sai ya san ya yi laifi.

"Baban Afnan, ba doki nake son gani ba. Kai nake son gani. Na gaji da ganin ƙeyarka kana fita ɗauko wani."

Ya tsaya da kofi a hannu, fuskarsa abin tausayi. "Wallahi na sani. To yaya zan yi? In kira Hajiya in ce ta zauna?"

Ba zai iya ba, ni ma ba zan iya ba. Magana zarar bunu ce. Na shiga ɗaki na yi kukana, na fito na jiƙa wake.

Ranar tafiya muka hallara da safe a filin ajiye motoci na benenmu. Mota biyu ce, tamu da ta Abdoul Aziz, kuma an lissafa kujeru sun yi daidai cif, har da wadda tukunya za ta zauna a kai. Ana ɗaure kaya sai ga ɗan Hajiya ya sauke ta, ya juya da sauri zai tafi aiki. Hajiya ta fito, sai wata dattijuwa ta fito a bayanta, sai wata kuma, sai ta uku, kowacce da jakarta da butarta.

"Ƙawayena ne," in ji Hajiya. "Su ma jego suka zo. Na ce musu su zo mu je mana, ka ga kuwa sai suka ce to."

Aka sauke tukunya aka cusa ta a but ɗin mota, kujera ɗaya ta samu. Saura biyu. Kambai ya ce a ɗora yara a cinya kamar motar Kafanchan. Abdoul Aziz ya dafe kai. "A'a, a'a! Nan ba gida ba ne. Kowa da kujera tai da bel nai. In ɗan sanda ya tsai da mu, lasisina ya tahi."

Nan aka shiga kara. Kambai ya ce shi zai haƙura. Mijina ya ce ina, ai shi baƙo ne. Rakia ta fito daga mota ta ce ita dama kanta na ciwo. Dattijai uku suka ɗauki butocinsu suka ce a kai su tashar jirgin ƙasa, ba za su raba iyali ba. Hajiya ta ce in ƙawayenta ba su je ba ita ma ba ta zuwa, ta fito. Abdoul Aziz ya ga manya a tsaye, kunya ta kama shi, shi ma ya fito daga mazaunin direba. Cikin ɗan lokaci motoci biyu suka koma wayam in ban da yara, ƙofofi a buɗe, manya tara muna tsaye a rana kowa na tura ɗan'uwansa, "a'a ku shiga," "a'a wallahi ku dai." Wani Bature da ya fito da karensa ya tsaya yana kallonmu, ya kasa gane faɗa ne ko addu'a. Afnan ta leƙo ta tambaye ni da Turanci ko an fasa ne, idonta ya kawo ruwa.

Ganin hawayen 'yarsa ya sa mijina ya ɗaga murya. "Wallahi tallahi Hajiya, ƙawarki ce za ta zauna a kujerata! Na rantse. Kambai, ga makulli, kai za ka ja motar."

Rantsuwa ta fita, ba mai iya mayar da ita. Saura kujera ɗaya. Na dubi mijina yana tsaye ba makulli, na dubi motocin, sai lissafin ya faɗo min gaba ɗaya. Faɗuwa ta zo daidai da zama. Na gyara mayafi, na sa fuskar da ta fi kowace fuska ladabi a jihar Virginia.

"Ni ma wallahi ba zan zauna uwata tana tsaye ba. Hajiya, ku shiga. Rakia, ga Fahad da Afnan nan, yaranki ne, amana."

Aka yi ta a'a, na yi ta wallahi. Hajiya ta riƙe hannuna ta ce ba ta taɓa ganin 'ya mai kara irina ba, Allah ya ba ni aljanna. Na ce amin, ina tura ta cikin mota. Na ba Rakia makullin gidan hayar da maganin sauro, na ja kunnen Fahad ya kula da ƙanwarsa. Yaran ko a jikinsu, suna cikin 'yan'uwansu ana ta rabon biskit. Motoci suka tashi, murfin tukunyata yana ƙara a but har suka sha kwana.

Filin ya yi shiru. Mijina ya zaro waya da sauri.

"Ki yi haƙuri, Maman Afnan. Yanzu zan kira wani ya ara mana mota, mu bi su. Akwai wani yaro a Sterling, in ya so sai mu tafi da shi ma..."

Na karɓe wayar, na kashe ta, na jefa a jakata.

Muka hau sama. Gidan ya yi min girma, har ina jin ƙarar firiji. Na shiga kicin na tarar ba ni da tukunyar da za ta dafa abincin mutum biyu, sai na soya ƙwai na dafa shayi. Muka zauna a tebur, yana can ina nan. Ya juya cokali, na juya cokali. Babu wanda za a ɗauko, babu shinkafar da za a auna, sai tsoro ya kama ni sosai, na ce a raina shi ke nan, ashe babu abin da ya rage.

Ya ɗago zai yi magana, sai ya tsaya yana kallona, kallo na sosai, har na tsargu.

"Furera," ya ce, "yaushe kika fara sa tabarau?"

"Bara waccan."

Ya ajiye cokalin a hankali. Kunya ta rufe shi har wuya. Sannan ya jawo kujerarsa ya zagayo kusa da tawa.

"Ya yi miki kyau," ya ce. "Fara min daga bara waccan ɗin. Me da me ya faru?"

Na cire tabaran ina gogewa da bakin mayafi, don ya yi hazo, na rasa ta inda zan fara.