Kwalbar da Inna Ta Tsayar

Zazzaɓi ya kama ni kwana kaɗan da dawowata. Mutanen ƙauyenmu sun manta da fuskata, amma sauro bai manta da jinina ba. Saraya, ƙanwata, ta ba ni magani da ruwan randa, ta shimfiɗa mini tabarma a ɗakin Inna, don nan ne ake ɗan samun iska da rana tsaka.

"Yaya Jatau, ka daure ka warke kafin la'asar," ta ce. "Matan zumunta na coci za su zo yi maka barka da zuwa. Inna ta ce yau za a buɗe kwalbarka."

Kwalbar tana saman kabad, a tsaye tsakanin kwanukan jere. Farar giyar inabi ce, ta shekarar da na fara aiki a gonar inabi a Faransa ina ɗalibi. Da hannuna na tsinke 'ya'yan. Na aiko da kwalba ɗaya ta hannun wani mai dawowa gida, na ce a kwantar da ita a wuri mai duhu da sanyi sai na zo. Abin da ya iso kunnen Inna shi ne "sai na zo". Sauran ya zube a hanya. Ko da ya iso ma, Inna ba za ta tura aiken ɗanta ƙarƙashin gado kamar kayan sata ba. Ta ɗora ta inda kowa zai gani, ƙarƙashin rufin kwano, daura da taga, kullum tana goge ta da bakin zane. Yaran da aka haifa bayan tafiyata sun yi aure, kwalbar tana tsaye.

Ɗanɗanon giyar inabi shi ne sana'ata. A zuba mini, in shinshina, in kurɓa, in faɗi abin da ke ciki. Daga kan tabarma ina hangen launin ruwan ta cikin gilashi, kuma na san abin da zan tarar. Abin da ban sani ba shi ne abin da zan ce wa Inna in ta tambaye ni a gaban mutane.

Rufin kwano yana ta ƙas-ƙas don zafi. Idona ya yi nauyi. Kabad ya fara tsawo, kwanukan suka ja baya kamar masu ba da hanya, sai na gan ni tsaye a bakin wata rijiya ta gilashi.

Wani ɗan tsoho yana zaune a bakin rijiyar ya cike ta da jikinsa. Fatarsa ta tsattsage kamar ƙasan tafki a bazara.

"Sannu da aiki, Baba," na ce.

"Wane aiki? Ka ga na yi kama da mai aiki?" Da ya yi magana sai gari ya zubo daga bakinsa. "Ni ne matoshin kwalbar nan. In tana kwance ruwa na taɓa ni, in kumbura, in tsare ƙofa. To, an tsayar da ita. Ruwan yana can ƙasa, ina jin ƙamshinsa dare da rana, ko ɗigo bai taɓa leɓena ba."

"Wa ka bari ya shiga?"

"Iska. Da fari tana sallama, in bar ta ta wuce kaɗan-kaɗan, haka ake so. Da ta ga na bushe sai ta daina sallama." Ya ɗaga hannu, wata tsaga ta buɗe a haƙarƙarinsa. "Wuce, ɗan boko. Ba kai ne na farko ba."

Na shiga ta tsagar, na faɗa.

Na sauka a wani fili kore shar, inda ruwan sama yake tashi daga ƙasa yana hawa sama. Ɗigo ɗaya ya shiga bakina. Lemun tsami ne da ɗanyar gwaiba, da warin dutsen da ruwan farko ya jiƙa. Ya kashe mini haƙora nan take. Na san shi. Haka yake ranar da muka toshe kwalbar.

Wata siririyar budurwa tana tsaye riƙe da tsumagiya. Ta tsula mini a ƙafa.

"Kai ne mai harshen? Na zaci za ka fi haka tsawo."

"Wace ce ke?"

"Tsami. Duk wanda ya ɗanɗana ni a wancan lokaci sai ya yamutsa fuska. Kai ka ce a ba ni lokaci."

"Gaskiya na faɗa. Ruwan da ba shi da ke ba ya kai tsufa."

"Ba ka faɗi lokacin ina ba. Na can daban, na nan daban. Biyo ni, ka daina magana kamar mai karanta darasi."

Na bi ta. Rana ba ta sama, tana ƙasa tana bin mu a baya kamar kare, tana lasar ciyawa. Duk inda harshenta ya taɓa sai kore ya koma ruwan ɗorawa. Ƙamshin gwaiba ya faɗi a hanya, ba mu tsaya ɗaukarsa ba. Lemun ya nuna, ya yi laushi. Tsami tana tafe tana cika, kafaɗunta suna faɗi, har ta zama cikakkiyar mace. Tsumagiyar hannunta ta yi kauri ta zama sanda.

Muka iso wani tsakar gida da na sani, sai dai komai a cikinsa ruwan zuma ne, bango da turmi da kaji. Iskar wurin tana da kauri, ana iya tauna ta. Na buɗe baki. Zuma ce da kakinta, soyayyar gyaɗa, man shanu a kan tuwo mai zafi, can ƙarshe kuma ɗan ɗacin ɓawon lemu. Tsami tana tsakiyarsu ta riƙe su duka kamar ginshiƙi. Na haɗiye yawu, ɗanɗanon bai tafi ba. Ya zauna a maƙogwarona yana ta buɗe ƙofofi. Na yi shekaru ina neman irinsa a teburan manya, ban same shi haka ba.

"Ka kalle ni da kyau," in ji Tsami. "Yau ce ranata."

"Yaushe ke nan?"

"Wata Laraba, ba ka daɗe da aiko mu ba. Kai ka ce sai ka yi furfura zan kai haka. Rufin kwano bai ji ka ba. Ya dafa mu da wuri."

A gefe, wata mace tana tankaɗe. Inna ce, da sauran ƙarfinta, da haƙoranta duka. Ta tashi, ta shiga ɗaki, ta goge kwalbar da bakin zane, ta dawo kan tankaɗenta.

"Inna!" na kira. "Yanzu ne! Ki buɗe yanzu!"

Muryata ta fito kumfa-kumfa ta tashi sama. Inna ta kori kaza daga bakin ƙwarya.

"Ba ta jin ka," in ji Tsami. "Ko ta ji ba za ta buɗe ba. An ce mata sai ka zo."

Ranar ta wuce muna kallo. Ba wanda ya yi guɗa.

Ƙasa ta karkace. Muka zame ta wani rami muka faɗa wuri mai duhu da sanyi, mai warin laima. Na gane ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gonar da na yi aiki. 'Yan'uwan kwalbar suna nan kwance a jere, kawunansu a bango, ƙura ta lulluɓe su kamar bargo. Ba rana, ba hayaniya, ba hannun da ke shafa su.

"Kuna lafiya?" na tambaya.

"Lafiya lau," suka amsa da murya ɗaya, a hankali, cikin Faransanci mai tsabta. "Muna gyaruwa. Bana mun fi bara."

"Wa ya sha ku?"

"Ba kowa. Ana tsoron kada a yi gaggawa."

"Wa ke zuwa duba ku?"

"Wani yakan zo da fitila ya ƙirga mu."

A ƙarshen layin akwai wani gurbi babu kwalba, tsawonsa daidai da mutum. Ƙurar wurin ta lotsa da siffar kafaɗu da ƙeya. Na sa hannu na taɓa, da sauran ɗumi.

"Naka ne," in ji Tsami. "An ajiye ka yadda ya kamata. Ka ga ko tabo babu a jikinka."

"Ba laifi ba ne a ajiye abu da kyau."

"Wa ya ce laifi ne? Kwanta in kana so. Ni da sauran tafiya."

Ban kwanta ba. Ban kuma san dalili ba.

Daga nan hanyar gangara ce. Hasken ya koma ruwan goro, ya koma ruwan ƙasa. Zuma ta yi mana sallama a wata kwana ta ce ƙafarta na ciwo. Gyaɗar ta ƙone. Na ji busasshen dabino na ɗan lokaci, da goruba, na ce ko a nan aka tsaya da sauran abin faɗa. Ba a tsaya ba. Wata mata marar fuska tana wuce mu tana dawowa, duk dawowa da abu a hammatarta.

"Iska ke nan," in ji Tsami. "Ita ta kawo zumar da ka yaba. Ita ta kwashe."

Yanzu Tsami ta rame ta ranƙwafa, tana dogara sandar. Muka tsaya a bakin wani tafki mai launin shayin da ya kwana. Ba kifi, ba tsuntsu. Warin ƙanzo ne ke tashi daga cikinsa, da na tsohuwar fata, da na mangwaron da ya ruɓe a gindin bishiya.

"Ina sauran?" na ce.

"Sun tafi. Masu daɗi ba sa jimre zafi. Ni kaɗai nake saura, ni da ba wanda ya so tun farko."

A tsakiyar tafkin wata tsohuwa tana tsaye, ruwa ya kai mata ƙirji. Rana ta hau kanta ta zauna kamar tulu. Ba ta jingina da komai ba. Da ta juyo sai na ga Inna ce, Innar yanzu, mai yanar ido.

"Inna, ki fito ki kwanta."

"In na kwanta wa zai gan ni daga hanya?" Ba ta kira sunana ba, ba ta taɓa kira ba, ni ne ɗan fari. "Ɗan nan, matso."

Ta ɗebo ruwan tafkin a tafin hannu ta kai bakina. Na kurɓa. A wurin aikinmu ba a haɗiyewa. Ka juya shi a baki, ka tofar a bokiti, sannan ka faɗi hukunci bakinka wasai. Na duba hagu da dama ina neman inda zan tofar. Ƙasa ta ɓace. Ko'ina tafin hannun Inna ne a buɗe, ɗaya bayan ɗaya har iyakar gani, kowanne da kantar taɓarya.

"Faɗi mana," in ji Tsami a bayana, tana zungurata da sanda. "Ai harshenka bai taɓa ƙarya ba. Da shi ka ci abinci."

Ruwan yana ƙona mini dasashi. Ba zan iya magana da shi a baki ba, ba zan iya zubarwa ba. Rana ta sauko daga kan Inna ta dafa mini goshi.

"Yaya! Yaya Jatau!"

Hannun Saraya ne a goshina. Rigata ta jiƙe sharkaf. A tsakar gida mata suna waƙa suna kaɗa tulu.

"Zazzaɓin ya sauka," ta ce. "Tashi, kana ta mutsu-mutsu da baki kamar akuya. Matoshin nan naku ya ba mu wahala, marmashewa ya yi, sai da ƙusa na tura shi ciki."

Inna tana zaune a bakin tabarmar, riƙe da kofin gilashin da ba a fito da shi sai Kirsimeti. Ruwan ciki ja ne mai duhu, gutsattsarin matoshi na yawo a kai. Warin ya riga kofin isowa. Mata biyu sun leƙo ta ƙofa suna murmushi.

"Sun ce kai za ka fara," in ji Inna.

Na karɓa, na kurɓa, na haɗiye.

"To?"

"Ya jira, Inna."

"Na san ya jira, ni na tsare shi. Da daɗi ko babu?"

Waƙar waje ta tsaya a kan wani baiti. Na dubi kofin.

"Babu."

Inna ta gyaɗa kai. Ta lalubo kofin daga hannuna. Ita da ba ta sa giya a baki ba tun ranar da aka yi mata baftisma, ta kafa kai ta shanye tas, har da gutsattsarin. Fuskarta ba ta motsa ba. Ta goge baki da bayan hannu ta miƙa wa Saraya kofin.

"Ƙaro," ta ce. "Ba dai za a zubar ba."