Saura Sau Ɗaya

Ƙanena magini ne, Dogo ake ce masa. Bara ya faɗo daga saman bene, likita ya rubuta masa ƙwayar kashe zafi mai ƙarfi. Ƙashi ya warke, ƙwaya ta ƙi sakinsa.

Ranar da ya fara shanta fiye da kima ya sume a banɗaki, ni na kai shi asibiti. Allura ɗaya aka yi masa ya farfaɗo. Ni kuma, sarkin dabara, na ja nas ɗin gefe, da ma ƙawata ce tun makaranta.

"Don Allah ki rufa mana asiri, yaron nan aure yake nema. Rubuta wani abu daban."

Ta harare ni, amma ta rubuta "jiri da gajiya". Na dawo gida ina yaba wa kaina.

Bayan wata huɗu abokan aikinsa suka kwaso shi a bayan motar yashi, leɓɓansa sun yi baƙi. Wannan karon aka rubuta gaskiya. Likita ya ce sai an kwantar da shi a cibiyar masu barin ƙwaya, in je ofishin inshorar lafiya a buga mini hatimi.

Ma'aikacin da na samu mutumin kirki ne, har kujera ya jawo mini.

"Sau nawa ya sume, baiwar Allah?"

"Sau biyu."

"A takardunsa ɗaya na gani."

Ya yi mini bayanin sabon tsari a tsanake. Allurar farfaɗowa, ko sau ɗari ce, inshora ta ɗauka. Gado a cibiya kuwa sai wanda ya sume sau biyu cikin shekara, a rubuce, don a tabbatar da gaske yake bukata.

Na ajiye kunya na gaya masa abin da na yi. Ya girgiza kai cikin tausayi.

"Ai mu da takarda muke aiki. Wannan jiri ne da gajiya, hutu ake ba mai shi. Amma idan ya sake, ki zo wurina kai tsaye, ba sai kin bi layi ba."

Har bakin ƙofa ya rako ni. Na kira ƙawata, ta ce in ta taɓa takardar nan aikinta ya tafi. Ban ga laifinta ba, kaina na tsine wa.

Na tarar da Dogo zaune a benci kusa da keken ɗinkina. Kwanansa shida bai sha ba, gumi ya jiƙa masa riga, haƙoransa na karo.

"Yaya, sun ba da gadon?"

Tunda ƙarya ce ta kai mu nan, sai na ce yau gaskiya zan faɗa. Na kwashe komai na gaya masa, ban rage ba.

Ya share gumin goshinsa.

"Ashe saura sau ɗaya ke nan," ya ce a hankali.

Sannan ya tambaye ni ina na ajiye masa takalmansa.