Salansar Damian

Saude ba mai shiga sabgar mutane ba ce, amma katangar da ta raba gidansu da na Damian a Galtimari gajera ce, shi kuma Damian Allah bai yi shi da iya waya a hankali ba. Shekara tara suna maƙwabtaka lafiya lau. Yana da shagon kayan gyaran keke napep a bayan Kasuwar Litinin, matarsa Nwanneka kuwa ƙawar Saude ce ta ƙut da ƙut.

Ranar Laraba da hantsi Saude tana shanya wanki sai ta jiyo muryarsa ta saman katanga.

"Alhaji, ka haɗa mini bindigar nan da salansa biyu, ka sa su a motar gobe. A naɗe su da kyau, kada su bugu a hanya."

Zanen da ke hannunta ya faɗi ƙasa. Duk wanda ya zauna a Maiduguri a shekarun tashin hankali ya san yadda kalmar bindiga ke firgita mutum. Ga shi ta sha gani a fim, mugu ya ɗaura wani ɗan bututu da ake ce wa salansa a bakin bindiga ya harbe mutum, na ɗakin kusa bai ko motsa ba. Ta wuni abin yana cin ta. Da yamma ta faɗa wa mutum ɗaya tak, aminiyarta Kaltum mai lalle, ta ce don Allah a bar shi a nan.

Kaltum ma mutum ɗaya ta faɗa wa, mijinta Hashim, shugaban 'yan sintirin unguwa. Kafin a sauko daga masallacin Juma'a bindiga ɗaya ta zama AK uku, masu shayi har sun san launinsu.

Dama an sa ranar Asabar za a yi taro a ƙofar gidan Bulama, mai unguwa, saboda satar awaki da ta yi yawa, a yanke ko 'yan sintiri za su riƙa riƙe bindiga. Da Saude ta ga inda maganarta ta kai, sai ta yafa mayafi da sassafe ta nufi gidan yayan mijinta, Maikuɗi, wanda ya yi shekara talatin yana kula da ma'ajiyar makamai a aikin ɗan sanda kafin ya yi ritaya.

Ta same shi yana ba tattabarunsa gero. Ya saurare ta har ta dasa aya.

"Me Damian yake sayarwa?" ya tambaye ta.

"Kayan keke, Yaya."

"To madalla. Ki zo taron, ki zauna inda za ki ji da kyau." Ta ga gefen bakinsa yana motsi kamar mai danne dariya, ya koma kan tattabarunsa.

Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi, maza a gindin dogon yaro, mata daga gefen zaure. Saude ta duba ba ta ga Nwanneka ba. Bulama ya buɗe da addu'a, Hashim ya miƙe.

"Jama'a, mu daina ɓoye-ɓoye. Idan a unguwar nan wani ya ajiye AK mai salansa, wadda za a harba ko kaza ba za ta farka ba, mu kuma a ce mu yi ta yawo da gora?"

Malam Uwais, malamin firamare, ya tare shi. "Ni ban yarda da ko ɗaya ba. Bindiga duk bindiga ce. Har wadda Manasse yake kaiwa gona, wa ya sani ko mai sarrafa kanta ce? A kwashe su duka."

Manasse, dattijon da ke noma dawa a hanyar Konduga, ya ɗaga hannu. "Malam, adakar kakana ce mai sarrafa kanta? Kafin in ɗura albarushi in daka, tsuntsaye sun cinye dawar sun yi hamdala. Ranar da ta ga dama ta tashi, ranar da ba ta ga dama ba mu dawo gida tare."

Aka yi dariya kaɗan. A nan Maikuɗi ya nemi izinin Bulama, ya yafito Damian, wanda ke tsaye can baya da buhu a hannu, fuska a murtuke. Tun da safe Maikuɗi ya aika masa ya zo da kayan. Damian ya zazzage buhun a tsakiyar tabarma. Salansar keke biyu suka gangaro, sababbi fil, sai wani abu mai ɗan gwangwani a ka da igiyar roba.

"Ga makaman," in ji Damian. "Wannan bindigar fenti ce. Shuɗi take harbawa, wani lokaci kore. Wanda yake so a harbi ƙofarsa ya same ni gobe."

Wuri ya kaure da dariya, har Bulama sai da ya cire tabarau ya share ido. Hashim ya ɗauki salansa ɗaya ya jujjuya ta, ya ajiye a hankali. Saude kuwa ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ba wanda ya ambaci sunanta, da ta yi shiru da ta wuce, amma ta miƙe.

"Baba Bulama, daga bakina maganar nan ta fito. Na ji rabin zance ta katanga na ƙarasa shi da tsorona." Ta juya wajen Damian. "Don Allah, Baban Chizaram, ka yafe mini."

Damian ya dube ta, ya sosa ƙeya. "Ya wuce, Maman Munira. Ni ma zan rage murya."

Maikuɗi ya gyara hula. "Tunda an taru, bari in rage muku wani nauyin. Hashim, abin da kake kira salansa rage ƙara yake yi, ba ya kashe ta. Ko an ɗaura, kazarka za ta farka, kai ma za ka farka. Na fim daban ne. Malam Uwais, mai sarrafa kanta ita ce wadda in ka danne kunama ba ka saki ba za ta yi ta aman harsashi. Akwai wadda kowane harbi sai ka ja kunama, akwai irin ta Manasse da sai an yi mata ɗura ta baki. AK suna ne na iri ɗaya, kayan hukuma ce, ba ta farar hula ba. Ku yi gardamarku, ba zan hana ku ba, amma ku san abin da kuke so a ba ku da abin da kuke so a hana."

"To kai, Baba, wanne ka zaɓa?" in ji Hashim.

"Na ga mutanen da aka horar wata tara sun harbi ƙafarsu. Yaranka fa, kwana nawa aka horar da su?"

Gardama ta ci gaba har kusan magariba, Malam Uwais bai sauka daga ra'ayinsa ba, Hashim ma bai sauka gaba ɗaya ba, amma yanzu kowa ya san a kan me yake magana. A ƙarshe aka tsaya a kan tocila da usur da lambar ofishin 'yan sanda a wayar kowane ɗan sintiri, mai adaka kuma ya je ya nemi lasisi. Manasse ya ce tasa takardar ta girmi wasu a wurin.

Da aka watse Saude ba ta shiga gida ba, ƙofar Nwanneka ta buga. Ta same ta tana tsefe wa 'yarta Chizaram kai, ba ta ko ɗago ba.

"Kwana biyu ina gaida matan unguwa a famfo suna amsa mini da hanci," in ji Nwanneka. "Da kin tambaye ni fa?"

"Da na tambaye ki. Ban kyauta ba."

Nwanneka ta bar ta a tsaye na ɗan lokaci, sannan ta tura mata kujera da ƙafa, ta miƙa mata tsinken tsefewa.

"Zauna ki kama wancan gefen. Ki ba ni labarin fuskar Hashim, kada ki tsallake komai."