Allon Nuriyya

Ƙofar jirgin metro na Paris ta kama wutsiyar jakar, sai da wani Balarabe ya taya Alhaji Moutari janyo ta. Jakar ta fi shi tsawo. Tun daga Lyon yake ba mutane haƙuri.

A ciki akwai allon da Turawa suke tsayawa a kai su hau igiyar teku. 'Yarsa Nuriyya ce ta sassaƙa shi a garejin surukinta a Villeurbanne, kusa da Lyon. Sana'ar gidan mijinta Kamal ce, tun daga kakansa a gaɓar Maroko. Alhaji ya taɓa leƙawa sau ɗaya, ya tarar ta yi fari fat da ƙura, tana goge wani farin soso mai tauri, tana rufe ido tana shafa gefensa da tafin hannu. Shekara biyar tana karatun injiniya. Kuma Lyon ko teku babu. Bai sake komawa ba.

Jiya ta kira shi. "Baba, likita ya ce haihuwa yau ko gobe, Kamal ba zai iya barina ba. Mai allon zai tashi ran Asabar, don Allah ka kai masa Paris. Wannan ne allo na farko da na yi ni kaɗai."

Ya ce to, don dama yana da kaya a Barbès, unguwar 'yan kasuwa a Paris.

A ƙarƙashin gadar metro ya yi kiciɓis da Nouhou, abokin kasuwancinsa ɗan Maraɗi. Bayan sun gaisa, Nouhou ya dubi jakar.

"Alhaji, ƙofa ka fara sayarwa?"

"Saƙon wani ne," in ji shi, ya wuce da sauri.

Mai allon wani dattijon Bature ne, a hawa na huɗu. Ya shimfiɗa allon a kan kujeru biyu, ya durƙusa ya kanne ido ɗaya, yana bin gefen da yatsa. Ya daɗe yana dubawa. Alhaji ma ya matso ya duba. Shi bai ga aibu ba, amma ko akwai, ina zai sani?

Baturen ya yi tambaya a kan lanƙwasar ciki. Faransancin Alhaji na ciniki ne. Ya gyaɗa kai kawai. Sai mutumin ya juya allon, ya nuna siririn katakon da ya ratsa tsakiyarsa. An rubuta wasu lambobi da fensir, a gefensu kuma: N. Moutari.

"Moutari kai ne? Shekara talatin ina hawa, ban cika ganin gefe irin wannan ba. A ina ka koya?"

Alhaji ya dubi rubutun. Ya ɗauka sunan gidan mijin za ta sa.

"Ba ni ba ne," ya ce. "'Yata ce."

"To ka ce mata ina son wani, don jikata."

A kan matakala ya kira Lyon. Kamal ya ce har yanzu shiru, ya miƙa mata wayar.

"Baba, ya karɓa?"

"Ya karɓa. Yana son wani." Ya tsaya a tsakiyar matakalar. "Nuriyya, abin nan, wane ɓangare ne gaba?"

Ta yi dariya har ta ce wash. "Mai tsinin, Baba."

"To. Idan kin samu lafiya, kya nuna mini sauran."