Hoton Baba

Auta na kwance rub da ciki a bakin tafkin bayan tashar mota, ido ɗaya manne da kyamara, wayarsa ta fara rawa a aljihu. Bai taɓa ta ba. Balbelar da yake fako ta hau kan wata tsohuwar taya, ta ɗaga fiffike ɗaya ta cusa baki a ƙarƙashinsa. Tana kama gashi ɗaya, ta ja shi daga tushe har ƙarshe, ta saki, ta kama na kusa da shi. Ya danna. Ya sake dannawa.

Shekaranjiya aka binne mahaifinsa. Tun ranar yake jira wani abu ya motsa a ƙirjinsa, shiru. Yana cin abinci, yana barci, yana amsa gaisuwa.

Wayar ta sake rawa. Yayarsa ce.

"Kana ina?"

"Ina nan kusa, Yaya."

"Kusa da 'yan uwanka masu fiffike ko? Gida cike da mutane, kai kana can kana birgima a laka. Mama na nemanka."

Ya tarar da takalma jibge a ƙofar falo. Ya ratsa masu gaisuwa ya shiga ɗakin Mama. Tana zaune a bakin gado. Tabaran Baba na kan rediyo, inda ya saba ajiye shi.

"Auta, hoton babanku nake so," ta ce. "Babba, wanda zan rataye a nan."

Yaya ta miƙo masa wani tsohon katin aiki na kamfanin motocin da Baba ya yi wa tuƙi. Hoton bai fi kan yatsa ba, hatimi ya cinye rabin fuskar.

"Wannan kaɗai muka samu," in ji Yaya. "Ka san Baba, da an ɗaga waya sai ya juya baya."

"Wannan yaron na manta shi," Mama ta ce. "Tsohona nake so, da furfurarsa. Kai ne mai kyamara a gidan nan."

"To, Mama."

Ya shiga ɗakinsa ya kunna kwamfuta. Hotuna ne ba iyaka. Kurciya ta karkata wuya tana gyaran ƙirji. Zalɓe ya baza fiffike a rana. Agwagin ruwa na goga kai a baya. Tun da ya bar makaranta ya kama aiki a wurin wankin mota, duk safiyar da ya samu a tafkin nan take ƙarewa. Bai damu da tsuntsu mai tashi ba, wannan kowa na ɗauka. Shi mai gyaran gashi yake so, don tsuntsu ba ya tsefe jikinsa sai ya manta da akwai mutum a duniya.

Yaya ta leƙo, ta tsaya a kansa tana kallo.

"Ko ɗaya babu?"

"Ina dubawa."

"Tsuntsu, tsuntsu, tsuntsu. Da Baba ya san haka da ya manna gashin kaza a hula, ko ka kalle shi."

Ta yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya, ta fita da sauri.

Can cikin hotunan damina ya ci karo da shi. Zalɓe ne a gaba, wuyansa a lanƙwashe, bakinsa cikin gashin kafaɗa, har ɗigon ruwa ana gani. A bayansa, a ɗaya gefen tafkin, akwai wata inuwa mai farar riga, ta goya hannu a baya. Babu ido, babu hanci, sai tsayuwa kawai.

Ya tuna ranar. Baba bai taɓa zuwa tafkin ba sai wannan karon. Ya ɓullo ta bayan tasha daidai lokacin da zalɓen ya fara gyara. Auta ya ɗaga masa hannu, kada ya motsa, kada ya yi magana. Baba ya tsaya cak, ya daɗe a tsaye. Da tsuntsun ya tashi, Auta ya ɗaga murya ya ce, "Baba, lafiya?" Baba ya ce, "Lafiya lau, ci gaba da aikinka," ya juya ya tafi.

Mai wankin hoto na da shago a ƙasan wani bene, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da taya. Da Auta ya kai masa hoton, ya buɗe shi a babban allo, ya yi fito.

"Kai, wannan tsuntsun ya sha kyau! Girma nawa?"

"Ba tsuntsun ba, maigida. Mutumin baya. Za ka iya fito da fuskarsa?"

Mutumin ya matso da hoton, ya ƙara matsowa, har Baba ya koma fari da toka-toka, kamar hayaƙi.

"Abokina, abin da kyamara ba ta kama ba, ni ina zan samo shi? Kai ma ɗan hannu ne, ka san inda ka saita ido. Wane ne?"

"Babana."

"Ka kawo shi mana, in zaunar da shi a kujera in ɗauka maka mai kyau."

"Ya rasu."

Mai hoton ya sauke hannu daga kan tebur. "Allah ya jiƙansa." Ya sake duban allon. "In yanke tsuntsun, in bar shi shi kaɗai?"

Ya gwada. Da aka cire zalɓen, sai hoton ya zama ba komai, ba a ma gane mutum ne.

"Mayar da shi," in ji Auta. "Wanke shi yadda yake."

A motar komawa ya rungume hoton cikin firam, naɗe da jarida. Yaran makaranta na ta ihu a kujerar baya. Ya lura igiyar takalminsa ta kwance, ya bar ta haka.

Masu gaisuwa sun ragu. Yaya ce ta yage jaridar. Ta kalli hoton, ta kalle shi.

"Auta, wasa kake? Tsuntsu za ta rataye?"

"Ba ni nan," in ji Mama.

Ta ɗora shi a cinya. Ba ta ko kalli zalɓen ba.

"Shi ne. Ga tsayuwarsa nan, kamar mai jiran fasinja. Wannan rigar ma ni na goge masa ita da safen." Ta ɗago kai. "Daga asibiti yake ranar. Ranar likita ya faɗa masa abin da ke cikinsa. Ya ce kada in gaya maka, shi zai je ya same ka da kansa, ku yi magana ta maza."

Auta na tsaye, hannunsa a aljihu.

"Bai ce min komai ba, Mama."

"Na sani. Da ya dawo na tambaye shi, ya ce ya tarar kana aiki."

Yaya ta juya fuska ga bango. A falo wani na tambaya ko akwai sauran ruwan sanyi. Mama ta kama gefen mayafinta, ta hura wa gilashin iska, ta shiga goge daidai wurin fuskar. Ta ɗaga shi wajen hasken taga ta duba, ta sake gogewa.